Kujera ta Ɓaya

Da ana sayen cika baki a kasuwa, da tuni Na-Gane ya gina bene a layinmu. Sunan nan ma bakinsa ne ya jawo masa. Kana fara yi masa bayanin abin da ya sami wayarka ko kwamfutarka, ba ka kai rabi ba zai ɗaga maka hannu ya ce, "Na gane, na gane." Daga nan sai dai ka yi wa kayanka addu'a. Ya taɓa shiga makarantar koyon rubuta manhaja, ya fito tun karatu bai yi nisa ba, wai malamin ne ba ya iya bin tunaninsa. Abin da ya tsira da shi laftof ce mai lulluɓe da sitika, da tabarau wanda ba na magani ba, da ɗan kati da ya buga wa kansa aka rubuta "Babban Injiniya."

Kawunsa, wan mahaifiyarsa, yana da kamfanin motocin haya a bakin titi. Ƙananan motoci ne, masu cika su tashi, ba ruwansu da tikiti. A bana ne Kawu ya sayar da filinsa ya sayo babbar bas mai sanyi da labule, wadda za ta riƙa yin doguwar tafiya ranar Asabar, kowa da tikitinsa, kowa da kujerarsa. Wata mai rubuta manhaja ta shirya masa tsari a kwamfutar ofis. Anti mai tikiti za ta rubuta sunan fasinja ta danna "Buga," manhaja ta duba kujerar da babu kowa, ta ajiye sunan a rumbunta, firinta ta turo tikiti. Lambar kujera da kalmomi take fitowa, don kada wani mai wayo ya gyara ta da biro.

Aibi ɗaya ne. Kwamfutar tsohuwa ce, in an danna "Buga" sai allo ya yi fari ya daskare na ɗan lokaci, wani ɗan zobe yana ta juyi, sannan tikiti ya fito. Kawu ya buga wa mai manhaja waya. Ta ce manhajar ce take tsayawa ta duba kujeru, a yi haƙuri, cikinta ya tsufa likita ya hana ta fita, in ta sauka lafiya za ta zo ta rage nauyin. Ta ƙara da cewa don Allah kada a bar kowa ya taɓa.

Na-Gane yana zaune a bencin ofis yana shan iskar fankar da ba tasa ba, ya ji duk abin da aka ce. Ya yi wata dariya ta hanci.

"Kawu, kana da ni a gida kana jiran mai ciki? Wannan ai aikin shan shayi ne. Kafin ranar Asabar zan mayar maka da ita walƙiya. Wata rana ma kamfanonin jiragen sama za su zo su durƙusa su saya."

Anti ta dube shi ta saman gilashinta. Mace ce mai jiki, wadda ta daɗe a bakin tagar nan har ta san fasinja mai rigima tun daga tafiyarsa.

"Maigida, ta ce fa kada a taɓa."

"Anti, ke aikinki dannawa," in ji Na-Gane. "Abin da ke bayan dannawar, ki bar wa masu shi."

"To ina masu shin?"

Kawu mutum ne mai son nasa, kuma ƙanwarsa ta sha yi masa ƙorafin ba ya jan yaron a jiki. Ya miƙa masa makullin ofis.

Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana guga, ya ajiye laftof a kan tebur kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Daga yau ki san da wanda kike zaune. Duk tsarin kamfanin Kawu ya dawo hannuna."

"Allah sarki Kawu," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Bawan Allah, bai taɓa cutar kowa ba."

"Me kike nufi?"

"Ba komai. Rediyon da ka gyara ne na tuna, har yau sai an mare shi yake magana. Wayata kuwa tun da ka taɓa ta, in na kira Mama sai mai gas ya ɗauka."

"Wannan matsalar kamfanin waya ce."

"Haka mai gas ma ya ce."

Washegari ya tare a ofis. Aikin farko da ya yi, ya kwashe fayilolin manhajar gaba ɗaya daga inda mai su ta ajiye su, ya zuba a sabuwar folda mai sunansa. Ya cire tambarin kamfani a shafin farko ya sa hotonsa, ya riƙe haɓa yana kallon nesa. Sannan ya shiga cikin rubutun manhajar yana gangarawa, yana gyaɗa kai, yana "na gane, na gane" shi kaɗai. Ya kai wurin da manhaja take tsayawa ta tambayi rumbu ko kujera da mai ita. Ya buga tebur.

"Ga ɓarawon lokacin nan! Tambayar me? Ita da kamfaninta?"

Ya share layukan tas. Ya kira Anti ta gwada. Ta danna, kafin ta ɗauke yatsa tikiti ya fito. Na-Gane ya miƙe ya buɗe hannuwa yana jiran tafi. Sai ga wani jan akwati ya faɗo tsakiyar allo: "An kasa ajiyewa. Ba a ga rumbun bayanai ba."

Ina za ta gan shi, an ɗauke ta daga gidanta an kai ta wata unguwa ba a gaya mata hanya ba?

"Wannan jan abin fa?" in ji Anti.

"Tsoro ne irin na masu ƙaramin sani. Sun cika manhaja da koke-koke. Ba ni wuri."

Bai nemi dalilin kukan ba. Ya bi duk inda manhajar za ta iya yin ƙorafi ya toshe mata baki, ya sa duk abin da ya faru, mai kyau ko marar kyau, ta nuna koren akwati mai cewa "Komai lafiya." Takarda ta ƙare a firinta, komai lafiya. Mai shara ta ture waya da tsintsiya firinta ta mutu, komai lafiya. Anti ta kifar da shayi a kan madannai, allo ya ce mata komai lafiya.

"Ko likitan da ya ga gawa bai kai wannan abu kwantar da hankali ba," in ji ta.

Tsugune ba ta ƙare ba. Wajen adana gyaransa, Na-Gane ya sauya yadda fayil yake riƙe haruffa, shi kansa bai san ya yi ba. Duk harafi mai ƙugiya ya koma ɗan akwati fanko a kan tikiti. Anti ta kawo masa ɗaya ta ajiye a gabansa.

"Injiniya, tikitin namu ya fito da ƙyanda."

"A laftof ɗina lafiya lau yake fitowa."

"To sai mu ɗora fasinjojin a kan laftof ɗinka, ka kai su."

Ya ja tsaki ya karɓe. Ya ga akwatunan duk kamarsu ɗaya, ya yanke hukuncin ai harafi ɗaya ne. Ya umarci kwamfuta ta bi ko'ina ta mayar da kowane akwati "ɓ." Ta bi umarni, don ita ba ta da kawu balle ta ji kunya. Tikiti ya fito fes: "Kujera ta ɓaya. Tashi ɓarfe bakwai na safe. A riɓe tikiti da kyau. Ba a ɓaukar dabbobi. Mun gode da kuka zaɓe mu."

Babban direba ya leƙo ya karanta, ya riƙe ciki.

"Injiniya, wanda ya rubuta wannan mura yake yi?"

Na-Gane ya ɗora yatsa a layin ƙarshe. "Karanta nan. 'Zaɓe.' Daidai ko ba daidai ba? To tsarin yana aiki. Sauran kuma mai hankali zai gane."

Aka shiga sayar da tikiti. Labarin sabuwar bas ya zaga, mutane suka yi ta zuwa, layi yana tafiya kamar ruwa. Tunda manhaja ba ta tambaya, kuma ba ta ajiye komai, kowane fasinja a wurinta shi ne na farko a duniya. Ta ba shi kujera ta ɗaya, ta manta da shi, ta ba na bayansa. Bas ba ta cika a lissafinta, don haka ba ta taɓa cewa a tsaya ba.

Anti ta lura tun ranar farko. Ta sami Kawu a gaban ɗan ƙanwar tasa.

"Maigida, duk tikitin da na buga, kujera ta ɓaya yake cewa. Kuma a idona mutanen nan sun fi bas ɗin."

Kawu ya juya. "Kai, yaya ne?"

"Kawu, wannan rubutun sama ne kawai, irin na zamani. Ainihin lambar kowa tana can ciki a ɓoye, saboda tsaro. Ranar tafiya zan haɗa da talabijin ɗin ɗakin jira, kowa ya ga kujerarsa ta fito da sunansa. In bas ta cika, manhaja da kanta za ta faɗa. Anti, ta faɗa?"

"Ta ce komai lafiya."

"To ka ji."

Kawu ya dubi layin da ya kai bakin titi, ya dubi motar abokin gasarsa a tsallake tana ƙonewa a rana babu kowa, zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce a ci gaba. Anti ta ce ita dai ta faɗa, ta koma tagarta.

Ranar Asabar da safe Kawu ya zo cikin manyan kaya, ya gayyato abokansa su ga tashin farko. An wanke bas tana ƙyalli. Na-Gane ya sa kwat a cikin zafi, ya rataya katinsa a wuya. Harabar kamfani kuwa ta cika maƙil, akwatuna da buhuna da jarirai, jama'ar da ko bas biyu ba za su kwashe ba.

Direba ya buɗe ƙofa. Wani tsohon soja mai sanda ya fara hawa, ya zauna a kujerar farko ta jikin taga, ya ɗora sandarsa a cinya. Bai gama gyara zama ba wani mahauci, ƙato mai faɗin kafaɗa, ya tsaya a kansa.

"Baba, a ɗan matsa. Nan tawa ce."

"Yaro, karanta." Tsoho ya miƙa tikiti.

Mahauci ya zaro nasa. Wata malamar makaranta ta leƙo ta kafaɗarsa da nata a hannu.

"Ku yi haƙuri, dukkanku kun yi kuskure. Kujera ta ɗaya tawa ce, tun farkon mako na saya, saboda ina amai in na zauna a baya."

"Wace ɗaya?" wani tela ya ɗaga murya daga ƙasa. "Baya aka rubuta! Kujera ta baya! Ni ita na saya, ina son in miƙe ƙafa."

Nan jama'a ta rabu biyu. Masu cewa ɗaya ce suka yi gaba, masu cewa baya ce suka kutsa ta tsakaninsu suka yi baya, aka cushe a ƙofa, babu shiga babu fita. Tsakiyar bas kujeru fanko reras, ba wanda ya kalle su, kowa yana kare haƙƙinsa. A kujerar baya mutum ya hau kan mutum. A ta gaba mahauci ya gaji da magana ya zauna a kan hannun kujera, rabin jikinsa a kan tsohon soja.

"Na yi yaƙi ban ga irin wannan ba," in ji tsoho. "Ɗaga mini ƙafa, ko in tuna maka aikina!"

Wata mai goyo ta ce jaririnta ma an yanka masa tikiti, shi ma ɓaya, shin a cinyar wa za ta ajiye shi? Wani saurayi mai fayil a hammata, wanda zai je ganawar neman aiki, ya kama rigar direba yana roƙo a tashi ko a tsaye ne. Direba ya zare makulli ya sa a aljihu.

"Ni ba na tuƙa kasuwa. A kira Injiniya."

Kawu ya riga ya kamo shi ta kwat.

"Kai! Fito musu da lambobin nan da ka ɓoye, yanzu!"

"Kawu, kwantar da hankalinka. Jama'a! Kowa ya shigo ɗakin jira ya ga fasaha!"

Aka dunguma ciki. Ya haɗa kwamfuta da babban talabijin na bango. Hotonsa ya fara bayyana, riƙe da haɓa.

"Wannan ne ɓayan?" in ji mahauci.

Na-Gane ya danna wurin da ke nuna taswirar kujeru. Bas ta fito a allo, kujeru jere, dukkansu farare, babu suna ko ɗaya. A kansu koren akwati ya sauko a hankali: "Komai lafiya."

Malamar makaranta ce ta fara magana.

"Wato a wurin kwamfutarka, mu duk nan ba mu zo ba."

"Na gane, na gane. Ƙaramin abu ne. Zan dawo da tsohon tsarin, yanzun nan."

Ya buɗe foldarsa, ya manta duk abin da yake yi yana kan bango. Tela ya shiga karanta sunayen fayilolin da ƙarfi, kamar mai kiran sunaye a aji.

"'Sabo.' 'Sabo na gaske.' 'Na ƙarshe.' 'Na ƙarshe na biyu.' 'Na ƙarshe wallahi.' 'Wannan ne.' 'Ba wannan ba.'"

"Buɗe 'wallahi,'" in ji tsohon soja. "Wataƙila shi yana tsoron Allah."

Ya buɗe. Komai lafiya. Ya buɗe na gaba, ya buɗe na bayansa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa zuwa kan katin Babban Injiniya. Na asali, wanda mai manhaja ta bari, babu shi. Tun ranar farko ya adana gyaransa a kansa.

"Intanet ce," in ji shi.

"Manhajar nan ba ta amfani da intanet," in ji Anti daga tagarta. "Kai ka gaya mini, kana alfahari."

"To wuta ce ta yi ƙasa."

"Fanka na juyawa."

"To akwai wanda ya taɓa mini aiki!"

"Wannan kam gaskiya ne," in ji direba. "Ga hotonsa can mun gani."

Kawu ya ciro waya, ya kira mai manhaja, ya sa a lasifika. Mijinta ya ɗauka, ana jin kukan jariri sabon haihuwa a bayansa. Ya ce ta sauka da asuba. Kawu ya yi barka a gurguje, ya roƙi a ba ta ko magana ɗaya ce. Muryarta ta fito a gajiye.

"Maigida, an taɓa ne?"

Kawu ya miƙa wa Na-Gane wayar. Ya gyara murya.

"Ranki ya daɗe, abokin aikinki ne. 'Yan gyare-gyare na yi. Na cire wurin tambayar nan mai ɓata lokaci, na sauya mata folda, na kuma kashe jan akwati."

Jariri ya tsala kuka, ta ɗaga murya ta ce:

"Ka cire mata ido, ka ɗauke mata rumbu, ka ɗinke mata baki. To me kake so ta yi maka, ta yi duba? Duk wanda ya saya tun ranar, babu inda aka rubuta shi. Ku ba mutane haƙuri. Ni yanzu wanda na haifa ma ya ishe ni."

Ta kashe.

Abin da ya biyo baya, har masu shaguna na tsallaken titi sun rufe sun zo kallo. Wata tsohuwa ta bi Na-Gane da lema. Ya ɓuya bayan Kawu, Kawu ya matsa gefe ya ba ta hanya. Abokan da aka gayyato suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri. Ƙarshenta direba da Anti suka tsaya a ƙofar bas, suka shigar da tsofaffi da masu goyo da saurayin nan mai fayil, sannan wanda ya samu. Tsohon soja bai motsa daga kujerarsa ba tun farko, ba kuma wanda ya sake tambayarsa.

Sauran jama'a, wajen rabi, suna tsaye a rana da kayansu. Dole Kawu ya tsallaka titi da manyan kayansa, ya je ya roƙi abokin gasarsa ya ba shi hayar tsohuwar motarsa. Mutumin ya bar shi a tsaye sai da ya gama shan shayinsa, sannan ya ce, "Ai maƙwabtaka ta fi haka. Amma ka ara mini injiniyan nan naka in na tashi rufe kamfani." Duk da haka motar ba ta kwashe su duka ba, wasu suka karɓi kuɗinsu suka tafi suna tsinuwa.

Kawu ya dawo ya miƙa hannu. Na-Gane ya ɗauka gaisawa za a yi.

"Makullina."

"Kawu, in ka ba ni zuwa gobe..."

"Makullina, ɗan ƙanwata, tun ina tuna da wadda ta haife ka. Cire kwat ɗin nan ka hau saman motar can ka ɗaure kaya. Igiya ce, ba ta da folda."

Haka Babban Injiniya ya yini a saman mota yana karɓar buhuna, mahauci yana miƙo masa daga ƙasa, yana zaɓo masu nauyi.

Kwana kaɗan ya yi a ɗaka. Da ya ga ƙura ta lafa, ya zagaya wata unguwa mai nisa inda yake zaton ba a san shi ba, ya shiga shagon wani mai aski. Aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Injin bai fara kuka ba bakinsa ya buɗe.

"Ka ji labarin kamfanin motar nan da tsarinsu ya rikice? Ni aka kira na ceto su. Wata ce ta yi musu aikin banza. Ba don ni ba, da ko mutum ɗaya bai tafi ba ranar."

"Allah?" in ji mai aski. Ya ɗora injin a tsakiyar goshinsa, ya tura shi a hankali har ƙeya, ya buɗe titi fes a tsakiyar sumar. Sannan ya kashe, ya cire waya daga bango, ya naɗe ta. Ya jawo aljihun tebur ya ciro wata 'yar takarda ya manna a jikin madubi, daidai idon Na-Gane. Kujera ta ɓaya.

Mai aski ya ce, "Ranar Asabar ɗin nan za a yi wa mahaifiyata aiki a asibiti, ni zan kwana da ita. Sai washegari na isa, a bayan motar siminti."

Na-Gane ya dubi takarda, ya dubi titin da ke kansa.

"Malam, ai... sai ka ƙarasa askin, mu yi magana."

Mai aski ya sa injin a aljihu, ya ɗauki hularsa, ya nufi ƙofa.

"Zan je cin abinci, ban san lokacin dawowa ba. Amma ka zauna abinka, Injiniya, ka miƙe ƙafa. Wannan kujerar kai kaɗai aka ba."